Bunƙasar Kwangilar Manhaja ta Ƙetare: Darasin Indiya da Matsayin Ƙasar Hausa

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wata sana'a wadda ta kafu ta kuma bunƙasa a duniya cikin shekaru hamsin da suka wuce, watau sana'ar rubuta wa kamfanonin ƙasashen waje manhajar kwamfuta bisa kwangila, alhali kuwa mai rubutun yana zaune a ƙasarsa. Za mu fara da bayyana ma'anar sana'ar, sa'an nan mu bi tarihinta a Indiya, domin a can ne ta fi samun gindin zama. Daga nan za mu waiwayo Nijeriya, musamman Kano da Kaduna da Katsina, mu ƙare da tambayar da ta fi shafarmu: shin yaron da ya tashi a Bauranya, cikin Ƙaramar Hukumar Kusada, ko a wani ƙauye na ƙasar Kankiya, yana da rabo a cikin wannan sana'a? In yana da shi, me ya kamata a tanada masa?

Dalilin wannan tambaya a fili yake. Kowace shekara, da zarar an kawar da amfanin gona, samarin wannan yanki sukan kama hanyar Kano da Kaduna da Abuja da Legas domin ci-rani. Waɗanda suka yi karatu mai zurfi kuwa, da yawansu suna riƙe da takardun shaida amma babu aikin yi. A ɗaya gefen kuma, tun daga 2023 Gwamnatin Tarayya take ta shelar cewa aikin kwamfuta na ƙetare zai samar wa matasa ayyuka masu ɗimbin yawa. Wajibi ne a kan malamai su auna wannan alkawari kafin su isar da shi ga ɗalibansu. Abin da za mu nuna shi ne, arhar ƙwadago ita ce ke jawo mai ba da kwangila, amma abin da ke zaunar da shi shi ne ilimi mai tushe, da wuta da layin sadarwa waɗanda ba sa yankewa, da kuma amana.

2.0 MA'ANAR SANA'AR

Manhaja ita ce jerin umurni da ake rubuta wa kwamfuta domin ta gudanar da wani aiki, kamar lissafin albashi, ko ajiye bayanan marasa lafiya, ko aika kuɗi ta wayar hannu. Banki a Ingila ko kamfanin inshora a Amurka yana bukatar irin wannan rubutu kullum, ga kuma gyara da gwaji da kula da wanda aka riga aka rubuta. Yana iya ɗaukar ma'aikata a garinsa su yi masa, yana kuma iya ba da aikin kwangila ga wani kamfani a wata ƙasa inda albashi bai kai na garinsa ba. Wannan hanya ta biyu ita muke kira kwangilar manhaja ta ƙetare.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan tsari. Ɗan kasuwar huluna a birni yakan zana hula, ya ba dillaliya ita da zare, ta kai wa mata a gidajensu su ɗinka, a biya su lada bisa kowace hula, shi kuma ya kai kasuwa. Mai ɗinkin ba ta san wanda zai sa hular ba, ba kuma ita ke yanka farashi ba. Haka nan marinan Kura suka daɗe suna rina turkuɗi domin Buzaye da ke can cikin hamada. Bambancin kawai shi ne, hula da rawani sai an ɗora su a kan jaki ko raƙumi ko mota, manhaja kuwa ta cikin waya take tafiya, ta isa London daga Katsina cikin ƙiftawar ido. Saboda haka muna iya kiran sana'ar ci-rani daga zaune.

Ya kamata a lura cewa aikin hawa-hawa ne. A ƙasa akwai shigar da bayanai da amsa wayar masu ciniki. A tsakiya akwai gwajin manhaja da gyaranta da rubuta sassanta bisa zanen da wani ya yi. A sama kuma akwai zana tsarin manhajar baki ɗaya da ba kamfani shawara. Ladan yana ƙaruwa ne gwargwadon hawan, haka kuma wahalar maye gurbin ma'aikaci. Wannan bambanci zai yi mana amfani a gaba.

3.0 YADDA INDIYA TA GINA SANA'AR

3.1 Tushe

Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Indiya ta kafa cibiyarta ta farko ta koyar da fasaha mai zurfi a Kharagpur tun 1951, shekara huɗu kacal bayan samun mulkin kai, sa'an nan ta bi ta da wasu a Bombay da Madras da Kanpur da Delhi. Ban da waɗannan, kwalejojin injiniya na jihohi da na masu zaman kansu sun yi ta yaye ɗalibai masu ƙarfi a lissafi, masu kuma iya aiki da Turanci, fiye da yadda masana'antun ƙasar za su iya ɗauka. Watau ma'aikatan sun riga aikin zuwa.

An kafa kamfanin Tata Consultancy Services a 1968, ya kuma fara yi wa kamfanin Burroughs na Amurka aiki a tsakiyar shekarun 1970. A 1978 kamfanin IBM ya fice daga Indiya saboda dokar da ta taƙaita hannun jarin baƙi, abin da ya bar wa 'yan ƙasa aikin kula da injinan da ya bari. A 1981 Narayana Murthy da abokansa shida suka kafa Infosys a birnin Pune da jarin da bai wuce dala 250 ba, suka koma Bangalor a 1983. A wannan zamani yawancin aikin ci-rani ne na gaske, domin kamfani yakan ɗebi injiniyoyinsa ya tura su Amurka su zauna a ofishin mai kwangila har a gama.

3.2 Layin sadarwa da doka

Abin da ya mai da ci-ranin ya zama na zaune shi ne layin sadarwa. A 1985 kamfanin Texas Instruments ya buɗe cibiya a Bangalor, ya kafa tasa ta tauraron ɗan'adam wadda ke aika aiki kai tsaye zuwa Amurka. Wannan ya nuna wa kowa cewa abin mai yiwuwa ne. A 1988 kamfanonin manhaja suka haɗu suka kafa ƙungiyarsu, NASSCOM, domin su yi magana da gwamnati da murya ɗaya. A 1991, shekarar da gwamnatin Narasimha Rao da ministan kuɗinta Manmohan Singh suka sassauta dokokin ciniki, aka kafa hukumar dandalin fasahar manhaja. Wannan hukuma ta ba ƙananan kamfanoni layin tauraron ɗan'adam na haɗin gwiwa, ta yafe musu kuɗin kwastan a kan injinan da suka shigo da su, aka kuma ɗage musu harajin ribar da suka samu daga ƙetare, rangwamen da ya ci gaba har 2011. Abin lura a nan shi ne, gwamnati ba ta shiga rubuta manhaja da kanta ba. Ta share hanya ne, ta bar masu sana'a suka bi.

3.3 Matsalar shekara ta 2000

Tsofaffin manhajoji da yawa an rubuta su ne da lamba biyu kawai a gurbin shekara, watau 85 maimakon 1985, domin tsimin wurin ajiya. Da shekara ta 2000 ta matso sai aka ji tsoron kada injina su ɗauki 00 a matsayin 1900, lissafin bankuna da na inshora ya rikice. Gyaran ba mai wuyar fahimta ba ne, amma yana bukatar dubban hannaye su bi miliyoyin layuka ɗaya bayan ɗaya. Kamfanonin Indiya suka karɓi aikin, suka gama a kan lokaci. Da aka wuce wannan shekara, masu kwangila sun riga sun san su, sun kuma yarda da su, sai suka ci gaba da ba su ayyuka masu nauyi. Bambancin agogo ma ya taimaka, domin lokacin da ofishin New York ke tashi daga aiki, gari ya kusa wayewa a Bangalor, sai aiki ya zama ba ya kwana.

Sakamakon haka, kuɗin da Indiya ke samu daga sayar da aikin manhaja a waje ya tashi daga abin da bai kai dala miliyan 200 ba a 1990 zuwa kimanin dala biliyan 6 a shekarar kuɗi ta 2000/2001. A shekarar kuɗi ta 2023/2024, in an haɗa da sauran ayyukan ofis da ake yi wa ƙetare, ya haura dala biliyan 190, ma'aikatan sashen kuma sun wuce mutum miliyan 5. Daga kafa Kharagpur zuwa shekara ta 2000 kuwa shekara 49 ce.

3.4 Amana

Mai ba da kwangila yana miƙa wa baƙo asirin kasuwancinsa da bayanan abokan cinikinsa, don haka amana ita ce babban jarin sana'ar. Kamfanonin Indiya sun gane haka, suka dage wajen neman takardun shaidar ingancin aiki na duniya, Infosys kuma ta shiga kasuwar hannun jari ta NASDAQ a 1999, inda dole ta buɗe littattafanta ga masu bincike. Da shugaban kamfanin Satyam, Ramalinga Raju, ya amsa a Janairun 2009 cewa an daɗe ana kumbura lissafin kamfanin, gwamnatin Indiya ba ta ɓata lokaci ba ta rushe hukumar gudanarwarsa, aka sayar da shi cikin 'yan watanni, don kada laifin ɗaya ya shafi sauran.

4.0 HALIN DA AKE CIKI A NIJERIYA

Nijeriya ta shigo wannan fage a makare, kuma dalilin farko shi ne rashin layi. Sai a 2001 aka ba da lasisin wayar salula, a shekarar ce kuma aka kafa hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA. An fitar da manufar ƙasa a kan ayyukan kwangila a 2007, amma farashin intanet bai fara sauka ba sai da igiyoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010. Igiyar Equiano ta kamfanin Google ta biyo baya a 2022.

Misalin da ya fi shahara shi ne kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014. Tsarinsa na farko shi ne ya zaɓi matasa masu basira, ya horar da su yana biyansu, sa'an nan ya haɗa su da kamfanonin Amurka su yi aiki daga Legas. A 2016 gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba masa jarin dala miliyan 24. Amma a Satumban 2019 kamfanin ya sallami ƙananan ma'aikata kimanin 400 a Nijeriya da Kenya da Yuganda, bisa hujjar cewa masu kwangila ƙwararru suke nema, ba sababbin hannu ba. A 2020 ya rufe ofisoshinsa, ya koma dillancin ƙwararru daga ko'ina a duniya, a 2021 kuma aka ƙiyasta darajarsa a kan dala biliyan 1.5. Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kamfani na iya bunƙasa alhali waɗanda ke matakin ƙasa sun rasa aikinsu, kuma horon farko nauyi ne da kasuwa ba ta son ɗauka. A kan makaranta yake komawa.

Nijeriya tana da abubuwan da ke jawo mai kwangila. Akwai yawan matasa, akwai Turanci a matsayin harshen aiki, agogonmu kuma bai bambanta da na London ko Balin da fiye da awa ɗaya ba. Faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta ƙara wa aikin arha a idon baƙo, ta kuma ƙara masa daraja a idon ɗan ƙasa. Alal misali, in an canza dala a kan naira 1,500, kamar yadda aka yi a wasu watanni na 2024, mai samun dala 500 a wata ya tashi da naira 750,000, watau fiye da ninki goma na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin wannan shekarar. Ganin haka ne ya sa gwamnati ta ƙaddamar da shirin horar da matasa miliyan 3 a fannin fasaha a 2023, da shirin fitar da ƙwarewa zuwa ƙetare a shekarar, sa'an nan Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da shirin jawo ayyukan kwangila zuwa Nijeriya a Gombe cikin Maris 2024.

Sai dai akwai tabon da ke rage amana, watau sunan da 'yan damfara ta intanet suka jawo wa ƙasar. Da kamfanin PayPal ya buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofa a 2014, ya ba su damar biya ne kawai ban da karɓa, aka kuma shafe shekaru a haka. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 matakai ne na gyara, amma doka ba ta wanke suna sai an ga tana aiki.

5.0 KANO DA KADUNA DA KATSINA

Igiyoyin teku duk a bakin ruwa suke sauka, saboda haka nisan da ke tsakanin Legas da ƙasar Hausa kuɗi ne da ɗan Arewa ke biya a kan farashin intanet. Duk da haka an yi yunƙuri, kuma biyu daga ciki sun isa a kwatanta.

Na farko, a zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, tsakanin 2003 da 2011, Gwamnatin Jihar Kano ta ware dogon benen nan na Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nasarawa domin ya zama dandalin fasahar sadarwa, inda kamfanoni za su zauna su yi aiki. Kafin shirin ya kankama sai gwamnati ta sauya, aka mai da ginin mazaunin Jami'ar Northwest wadda aka kafa a 2012. Ba muna cewa jami'a ba ta da amfani ba ne. Abin da muke nunawa shi ne, shirin da ya dogara ga gini da kuma ran gwamnati ɗaya, ba tare da kamfanoni masu kwangila a hannu waɗanda za su tsaya masa ba, yana da wuya ya tsallake zaɓe.

Na biyu shi ne kamfanin Outsource Global, wanda Amal Hassan ta kafa a 2013, ya buɗe ofisoshi a Abuja da Kaduna, ya kuma ɗauki ɗaruruwan matasa, mata da yawa a cikinsu, suna yi wa kamfanonin ƙetare aikin amsa waya da sauran ayyukan ofis. Wannan ya fara ne daga neman mai ba da aiki, sa'an nan ya horar da ma'aikata daidai da bukatar aikin. Ya tabbatar da cewa ana iya yi wa Amurka aiki daga Arewacin Nijeriya.

A Jihar Katsina kuwa, wadda aka ƙirƙiro a 1987, makarantun da za su iya yaye ma'aikatan suna nan: Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, da Jami'ar Al-Qalam, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Katsina, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-ma. Abin da ke da rauni shi ne wuta da layi. A 2016 aka sa hannu a kan yarjejeniya da kamfanoni 14 domin samar da lantarki daga hasken rana a ƙasar nan, ciki har da tasha mai ƙarfin megawat 75 da aka tsara ginawa a Kankiya, amma shekaru suka shuɗe ba a kai ga gina tashoshin ba. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, aka yi watanni a haka. A Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa sun kwana fiye da mako cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Mai ɗinkin hula in ta yi jinkirin mako ɗaya ana iya yi mata uzuri. Bankin da ke London, in ya kira sau biyu bai samu amsa ba, sai ya mai da aikinsa Manila ko Alƙahira.

6.0 HAƊURRAN DA KE CIKIN SANA'AR

Kafin mu zo ga shawarwari, ya kamata mu ambaci haɗurra biyu. Na farko ya shafi wanda ke yanka farashi. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano, daga 1912 manoman ƙasar Hausa suka rungumi gyaɗa, aka yi dalar gyaɗa, aka samu kuɗi, amma farashi daga waje ake yanko shi, babbar riba kuma tana wurin mai sarrafawa. Wanda ya tsaya a matakin ƙasa na aikin kwamfuta, manomin gyaɗa ne na wannan zamani. A Janairun 2023 mujallar Time ta ba da rahoton cewa ma'aikatan wani kamfanin kwangila a Nairobi, masu tace munanan rubuce-rubuce domin horar da ChatGPT, ana biyansu abin da bai kai dala 2 a awa ba.

Na biyu shi ne ƙirƙirarriyar basira. Tun daga ƙarshen 2022 aka samu manhajoji masu iya rubuta sassan manhaja masu sauƙi, da amsa tambayoyin masu ciniki, da fassara. Waɗannan kuwa su ne ainihin ayyukan da sabon hannu ke fara koyo da su. Ke nan matakalar da Indiya ta hau a 1999 ta rasa wasu daga cikin matakanta na ƙasa. Horon wata uku wanda ke koya wa yaro haddace umurni ba tare da fahimtar dalili ba, yana shirya shi ne domin aikin da inji ya fi shi saurin yi. Wanda zai tsira shi ne mai iya warware matsala, ya karanta abin da inji ya rubuta, ya gane inda ya kauce.

7.0 ABIN DA YA KAMATA A TANADA WA YARON BAURANYA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawarwari huɗu, mun kuma jera su bisa muhimmancinsu.

Na farko, a gyara koyar da lissafi da harshe tun daga firamare. Nijeriya tana da manufar koyar da kwamfuta a makarantu tun 1988, amma sau da yawa darasin yakan tsaya ne a zana hoton kwamfuta a allo da haddace sunayen sassanta. Yaron da ya iya raba babbar matsala gida-gida, ya kuma iya rubuta bayani mai tsari da Hausa sa'an nan da Turanci, ya riga ya yi rabin tafiya ko da bai taɓa taɓa inji ba. Wannan aikin kwalejojin ilimi ne, domin malamin da zai koyar a Bauranya da Mawashi da Yashe daga hannunmu yake fitowa. Bai kamata a yaye ɗalibin sashen kwamfuta ba sai ya rubuta manhaja mai aiki, wadda wani ya gwada ya amfana da ita.

Na biyu, a tara ƙarfi wuri ɗaya. Kai wuta da layi mai ƙarfi kowane gida a karkara abu ne mai nisa, amma ɗaki ɗaya a Kankiya, wadda ke kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, da wani a Kusada, masu farantan hasken rana da batura da layi iri biyu, abu ne da ƙaramar hukuma ko ƙungiyar ci gaban gari za ta iya. Tun da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, an samu cibiyoyi a garuruwa masu ɗaruruwan injina waɗanda ke zaman banza a yawancin watannin shekara. Intanet na tauraron ɗan'adam na Starlink ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Wannan shi ne kwatankwacin abin da Indiya ta yi a 1991, gwargwadon ƙarfinmu. Irin wannan ɗaki, in an ware wa mata lokacinsu, zai buɗe ƙofa ga 'yan mata da matan aure waɗanda ci-ranin birni bai taɓa zama hanyarsu ba.

Na uku, a fara da aikin gida. Baƙo ba ya ba da kwangila ga wanda bai taɓa gama wani aiki ba. Rajistar ɗalibai a makarantu, da bayanan marasa lafiya a asibitin Kankiya, da lissafin ƙungiyoyin manoma, da harajin kasuwa, duk ayyuka ne da ake iya ba matasan yankin su gwada hannunsu a kai ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Da haka ne za su tara shaidar da za su nuna a waje.

Na huɗu, a riƙi harshen Hausa a matsayin jari. Tun 2013 aka sa Hausa cikin manhajar fassara ta Google, kuma masu gina injinan harshe suna bukatar waɗanda za su fassara, su naɗi murya, su tantance abin da inji ya faɗa. A wannan fage ɗan Bangalor ba zai iya gasa da ɗan Kusada ba. Amma gudun kada a maimaita labarin gyaɗa, ya kamata sassan Hausa da na kwamfuta a makarantunmu su haɗa kai, su koya wa ɗalibai gina kayan aikin da kansu, kamar yadda masu bincike na ƙungiyoyin Masakhane da HausaNLP suka fara, ciki har da malaman Jami'ar Bayero ta Kano.

8.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun bayyana ma'anar kwangilar manhaja ta ƙetare, mun ga cewa Indiya ta kai inda ta kai ne bayan kusan shekara hamsin na tanadin ilimi, da samar da layi, da sassauta doka, da tsare amana. Mun ga cewa Nijeriya tana da yawan matasa da arha da dacewar agogo, mun kuma ga daga labarin Andela da na Gidan Ado Bayero cewa kasuwa ba ta ɗaukar nauyin sabon hannu, gini kuma ba ya kawo kwangila. Amsarmu ga tambayar da muka fara da ita ita ce, lalle yaron Bauranya yana da rabo, amma rabon yana rataye ne a kan malamin lissafin da ya samu a aji huɗu, da kuma ko akwai ɗaki mai wuta da layi a kusa da shi lokacin da ya gama sakandare. Na biyun yana hannun hukuma da masu hali. Na farkon kuwa yana hannun mu da muka hallara a wannan taro, kuma muna fata mahalarta za su tattauna yadda za a shigar da shi cikin manhajar karatun kwalejojinmu tun daga zangon karatu mai zuwa.